Iskar da Ke Ɓoye a Dutse da Ruwa: Binciken Haraldur Sigurdsson





An ba ni dama in yi magana a kan duwatsu masu aman wuta da abin da ke cikinsu. Fage ne mai faɗi, don haka na zaɓi in bi sawun mutum guda, mu ga abin da ya yi ta tambaya tsawon rayuwarsa ta aiki, da amsoshin da ya samu, da inda amsarsa ta gaza. Sunansa Haraldur Sigurdsson, mutumin ƙasar Aislan. A ƙasarsu da sunan yanka ake kiran mutum komai girmansa, saboda haka zan riƙa ce masa Haraldur. Na zaɓe shi ne domin aikinsa ya iso har maƙwabciyarmu Kamaru a wani lokaci na baƙin ciki, kuma abin da ya gano a can bai faɗo masa daga sama ba. Shekarun da ya yi yana duƙe a kan ɓarɓashin dutse ne suka shirya shi.

An haife shi a 1939 a Stykkishólmur, wani ƙaramin garin masunta a yammacin Aislan. Ya yi digirin farko a Jami'ar Queen's da ke Belfast, ya gama a 1965, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Durham ta Ingila a 1970. Daga nan ya tafi tsibirin Tirinidad, ya shiga sashen Jami'ar West Indies da ke sa ido a kan girgizar ƙasa da duwatsu masu aman wuta na yankin Karibiyan. Bai daɗe da zuwa ba, a 1971, dutsen Soufrière na tsibirin Saint Vincent ya motsa. Akwai tafki a bakin dutsen, sai narkakken dutse ya riƙa tasowa a hankali daga ƙasan ruwan har ya zama tsibiri a tsakiyarsa. Haraldur ya bi diddigin yadda ruwan ya ɗauki zafi da yadda sinadaransa suka sauya, ya kuma wallafa sakamakon. Ku riƙe wannan a ranku, za mu buƙace shi idan muka isa Kamaru. A 1974 ya koma Jami'ar Rhode Island a Amurka, a makarantar nazarin teku, kuma a can ya yi mafi yawan aikinsa.

Idan aka ambaci dutse mai aman wuta, abin da ke zuwa wa mutum a rai shi ne jan narkakken dutse yana malala. Amma masu wannan fanni sun san ba shi ne ke tuƙa al'amarin ba. A ƙarƙashin dutsen, a zurfin kilomita da yawa, akwai abin da suke kira magma. Haɗi ne na narkakken dutse, da ƙwayoyin ma'adini da suka fara daskarewa a cikinsa, da iskar gas da ta narke ta shige jikinsa. Tururin ruwa ne ya fi yawa, sai kabon dayoksaid, sai iskar farar wuta. Ku tuna kwalbar lemo. Muddin marfin yana rufe ba ka ganin kumfa, domin matsi ya riƙe iskar a cikin ruwan. Da ka buɗe, matsin ya ragu, sai kumfa ta taso. Nauyin duwatsun da ke sama shi ne marfin magma. Idan ta yunƙuro sama, matsin ya ragu, iskar ta fara fita, ta kumbura, ta ƙara tura magmar da sauri.

Abin da zai biyo baya ya dogara ne da kaurin magmar. Wadda ake kira basalt, mai kusan kashi 50 cikin ɗari na sinadarin silika, tana da zafin digiri 1,100 zuwa 1,200 kuma tana da ruwa-ruwa, iskar takan sami hanyar fita. Wadda ake kira rayolait, mai silika sama da kashi 70, tana da danƙo ƙwarai. Iskar ba ta samun hanya, sai ta tarwatsa magmar ta zama toka. Saboda haka tambayar mai binciken sinadaran dutse ita ce: nawa ne iskar, wace iri ce, a wane zurfi aka ajiye ta, kuma me ya buɗe marfin?

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce Haraldur ya fara yin suna a kanta. A tsakiyar Aislan akwai dutsen Askja, wanda ya yi wata babbar fashewa a ƙarshen watan Maris na 1875. Tokarsa ta kai Norwe da Suwidin, ta lalata makiyaya a gabashin Aislan, kuma tana cikin abin da ya sa iyalai da dama suka yi ƙaura zuwa Arewacin Amurka. Shekara ɗari bayan haka Haraldur da abokin aikinsa Stephen Sparks suka je suna tsintar duwatsun da dutsen ya watso. Yawancinsu fari ne, mara nauyi, mai ƙofofi, wato kumfar rayolait da ta daskare. Amma a cikin wasu sai ka ga zane-zane baƙi ya ratsa farin, ya lanƙwashe tare da shi. Wannan baƙin basalt ne. Lanƙwasar ita ce hujja: da ɗayansu ya riga ya daskare, da ba su murɗe tare ba. Ke nan duka biyun suna narke lokacin da suka gamu.

A 1977 Sparks da Haraldur da Lionel Wilson suka wallafa bayaninsu a mujallar Nature. Suka ce rayolait tana iya zama shiru a ma'ajiyarta shekaru aru-aru, sai sabuwar basalt mai zafi ta taso daga ƙasa ta shigo ƙarƙashinta. Zafin ya motsa ta, iskar da ke cikinta ta fara fita, ga kuma ƙarin kaya a ma'ajiyar da ta riga ta cika, sai rufin ya tsage. Yau idan ka buɗe littafin wannan fanni za ka tarar da haɗuwar magma biyu a sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da fashewa. An ga alamarta a dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin, an gani a tsibirin Montserrat. A ganina kyawun wannan aiki shi ne hujjar tana tafin hannu, kowa zai iya ɗaukar dutsen ya duba.

Shekara guda bayan nan shi da Sparks suka kawo wata magana, cewa a Aislan magma ba sama kaɗai take nufa ba, tana iya tsaga ƙasa ta yi tafiya a kwance, kilomita gommai, ta ɓullo nesa da dutsen da ta baro. Wasu masu bincike daga baya sun yi jayayya a kan ko haka ta faru a Askja ɗin kansa. Amma a watan Agusta na 2014 sai ga al'amarin a fili. Magma ta bar dutsen Bárdarbunga da ke ƙarƙashin ƙanƙara, na'urorin girgizar ƙasa suna bin ta kullum, ta yi tafiyar kimanin kilomita 48 a ƙarƙashin ƙasa, ta fito a filin Holuhraun, inda ta rufe kusan murabba'in kilomita 85. Yayin da take fita a can, saman dutsen da ta baro yana lotsawa, har ya nitse mita 65. Haraldur, yana da shekara 75 a lokacin, ya duba alƙaluman lotsawar ya ga saurinta yana raguwa a kan tsari. Ya yi lissafi a watan Oktoba, ya ce aman zai tsaya wajen 4 ga Maris na 2015. Ya tsaya ranar 27 ga Fabrairu. Ba kowane dutse ne ke ba da irin wannan dama ba, kuma sanin ranar da aman zai fara ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Amma wanda ya fahimci cewa ma'ajiya ɗaya ce ke zubewa ta bututu ɗaya, shi zai iya irin wannan lissafi.

To, yaya ake auna iskar da ta riga ta tsere? Dutsen da ka tsinta bayan fashewa ya riga ya fitar da iskarsa. A nan ne aikin ɗakin gwaje-gwaje yake shigowa, kuma aiki ne na haƙuri. Lokacin da ƙwayar ma'adini ke girma a cikin magma, a can ƙasa, wani lokaci takan rufe wani ɗan ɗigon narkakken dutse a cikinta. Idan fashewa ta zo, ɗigon ya daskare ya zama gilashi, kuma ƙwayar ta tsare shi, iskarsa ba ta fita ba. Sau da yawa faɗinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. Mai bincike zai daka dutsen, ya tankaɗe, ya zauna gaban madubin ƙara girma da ɗan hantsaki yana tsince ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ya dasa su a cikin ƙaro, ya yi ta gogewa a hankali har ɗigon gilashin ya bayyana a sama. In ya wuce gona da iri wajen gugar, ɗigon ya tafi, sai a sake daga farko. Sannan a sa a wata na'ura mai harba siririn zaren lantarki a kan ɗigon, ta karanta sinadaran da ke ciki.

Bayan fashewar dutsen Saint Helens a Amurka ranar 18 ga Mayu 1980, wadda ta kashe mutum 57, Haraldur da abokin aikinsa Steven Carey sun haɗu da Malcolm Rutherford na Jami'ar Brown. Suka ɗauki garin dutsen suka riƙa dafa shi a cikin tukunyar ƙarfe mai tsananin matsi, suna sauya zafi da matsi da yawan ruwa, har suka sami yanayin da ya haifar da ma'adinai da gilashi irin na ainihin dutsen. Amsar da suka wallafa a 1985 ita ce: magmar ta zauna a zurfin kusan kilomita 7, da zafin kimanin digiri 930, da ruwa narke a cikinta kusan kashi 4.6 cikin ɗari na nauyinta. Wuri ne da ɗan'adam bai taɓa gani ba, amma aka auna shi.

Daga nan Haraldur ya juya ga farar wuta, domin ita ce ke taɓa yanayin duniya. Toka takan faɗo cikin kwanaki ko makonni. Iskar farar wuta kuwa, idan ta kai saman sararin samaniya, takan zama ƙananan ɗigon ruwan asid da ke shawagi shekara ɗaya zuwa uku suna mayar da wani ɓangare na hasken rana. A 1984 shi da Joseph Devine da wani abokin aikinsu suka fito da dabara mai sauƙin fahimta. A auna farar wutar da ke cikin ɗigon da aka tsare, a auna wadda ta rage a gilashin da ya riga ya fitar da iskarsa, a cire wannan daga wancan, a ninka da yawan magmar da ta fito. Da haka za a iya kimanta abin da dutse ya zuba wa sama ko da ya yi amansa tun kafin a ƙirƙiro na'ura.

Ga ɗan Aislan wannan ba lissafin takarda ba ne. A watan Yuni na 1783 ƙasa ta tsage a Laki, ta yi wata takwas tana aman wuta. Ƙiyasin da masana ke amfani da shi yanzu shi ne kimanin tan miliyan 120 na iskar farar wuta. Ciyawa ta gurɓace, fiye da rabin dabbobin ƙasar suka mutu, yunwa ta biyo baya ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen. Ba narkakken dutsen ne ya kashe su ba.

Sai dai dabarar tana da gibi, kuma taurarin ɗan'adam ne suka tona shi. Dutsen El Chichón na Meziko ya fashe a ƙarshen Maris da farkon Afrilun 1982, ya kashe kusan mutum 2,000, kuma Haraldur na cikin waɗanda suka je suka yi nazarin tokarsa. Tauraron ɗan'adam ya auna kimanin tan miliyan 7 na iskar farar wuta. Lissafin ɗigon gilashi bai ko kusanci wannan adadi ba. A Pinatubo na ƙasar Filifin, a watan Yuni na 1991, aka auna tan miliyan 15 zuwa 20, duniya ta yi sanyi da kusan rabin digiri a shekarar da ta biyo, kuma nan ma lissafin ya gaza nesa. Masana suka yi shekaru suna neman inda rarar ta fito. Amsar da aka fi yarda da ita yanzu ita ce, a irin waɗannan duwatsu iskar takan riga ta rabu da magmar tun tana ƙasa, ta taru kumfa-kumfa a saman ma'ajiyar, inda ɗigon gilashi ba zai shaida ta ba. A magmar basalt irin ta Laki dabarar tana aiki da kyau. A sauran, mafi ƙarancin adadi take bayarwa. Ni ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba, domin ba don an sami lissafin da za a gwada da na tauraron ba, da ba a ma san akwai rarar ba.

Bari in ɗan ratse, domin wannan ya shafi daminarmu. A 2013 Jim Haywood da abokan aikinsa a Birtaniya suka duba ruwan saman yankin Sahel daga 1900 zuwa 2010. Suka ga uku daga cikin damina huɗu mafi ƙarancin ruwa sun biyo bayan manyan fashe-fashe a arewacin duniya. Dutsen Katmai na Alaska ya fashe a 1912, sai ga farin 1913 da yunwar da kakanninmu suka kira Ƙaƙalaba. El Chichón ya fashe a 1982, sai ga farin 1983 da 1984, wanda da yawa cikinmu a nan suka gani da idonsu. Bayanin shi ne idan arewacin duniya ya yi sanyi fiye da kudanci, layin ruwan sama ba ya hawowa arewa yadda ya saba. Fari yana da sababai da yawa, kuma farin shekarun 1980 ya fara tun kafin El Chichón. Amma dutsen da ke Meziko yana iya samun hannu a abin da manomin Maraɗi ko Daura zai girba.

Akwai ayyukansa uku da zan wuce da sauri. A Italiya shi da Carey sun bi tokar dutsen Vesuvius ta shekarar 79 miladiyya shimfiɗa bayan shimfiɗa, suka nuna cewa guguwar toka da iska mai zafi ce ta kashe mutanen Herculaneum, waɗanda aka tono ƙasusuwansu a rumfunan jiragen ruwa a bakin teku. A Indonesiya sun auna fashewar Tambora ta watan Afrilun 1815, shekara biyu kafin rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, suka kimanta cewa tokar ta tashi sama da kilomita 40. Ita ce ta jawo shekarar 1816 da Turai da Amurka suka yi babu bazara. A 2004 ya koma can da masu tono, suka gano wani gida a ƙarƙashin toka mai kaurin mita 3, da gawar mutum biyu da tukwanensu da kwanoninsu na tagulla. A Haiti kuma, a 1991, ya ba da rahoton ƙananan duwatsun gilashi masu shekara miliyan 66. Ya san gilashin aman wuta sarai, ya ga wannan ba shi ba ne. Na wani ƙaton dutse ne da ya faɗo daga sama, kuma sinadaransa sun nuna ya faɗa kan ƙasa mai farar ƙasa da farar wuta. Haka kuwa ƙasar Yukatan ta Meziko take, inda ramin Chicxulub, wurin da dutsen ya faɗa, yake.

Yanzu mu zo Kamaru.

A daren 15 ga Agusta 1984 aka ji ƙara daga tafkin Monoun, kusa da Foumbot a yammacin ƙasar. Da gari ya waye aka tarar da gawar mutum 37, yawancinsu a kan hanyar da ta bi ta gefen tafkin, a wuri mai kwari. Ba sara, ba harbi. 'Yan watanni kafin nan, a watan Afrilu, an yi yunƙurin juyin mulki a Yawunde, don haka hukuma ta yi zargin ko wani ne ya saki guba, aka kuma rufe maganar. Wasu suka ce dutse ne ya yi aman wuta a ƙarƙashin ruwan, tunda tafkin tsohon bakin dutse ne. A farkon 1985 aka gayyato Haraldur. Ya zo da Devine, suka yi aiki da Felix Tchoua na Jami'ar Yawunde.

Ya taɓa ganin tafkin da aman wuta ya ratsa, a Saint Vincent, ya san alamominsa: ruwa mai zafi, mai tsami, mai ɗauke da farar wuta da kulorin. Monoun ba shi da ko ɗaya. Ruwa ne kwance, ba zafi, zurfinsa ya kusa mita 100. Suka shiga ƙaramin jirgi, suka zura kwalaben ɗiban ruwa da igiya zuwa ƙasa. Da suka jawo su, tun kafin su iso hannu ruwan ciki ya fara tafasa da kumfa, marafai suna tashi. Ruwan ba ɗumi, amma yana ɓulɓula. Da iska ta taɓa shi kuma sai ya rine ya yi ja, saboda ƙarfen da ke narke a cikinsa. Aka gwada iskar, kusan dukkanta kabon dayoksaid ce, kuma nau'in kabon ɗin ya nuna yawancinsa daga can cikin ƙasa ya fito, ba daga ruɓaɓɓen ganye ba.

Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana tunanin iskar da matsi ya riƙe a cikin narkakken dutse, shi ne ya ga iskar da matsi ya riƙe a cikin ruwa, ya gane ta. Bayaninsa ga shi. Magma tana can ƙasa ƙwarai, ba ta motsi, amma tana sakin kabon dayoksaid a hankali. Iskar ta narke a ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya ɓulɓulo a gindin tafkin. Wannan ruwa ya fi na sama nauyi, sai ya kwanta a ƙasa. A ƙasashe masu hunturu ruwan saman tafki yakan yi sanyi kowace shekara ya nitse, tafkin ya juya, iskar ta fita kaɗan-kaɗan. A ƙasa mai zafi, a tafki mai zurfi da tsaunuka suka kare daga iska, ruwan ƙasa yana iya yin shekaru masu yawa bai motsa ba, yana ta tara iska. Ran da wani abu ya ɗaga shi, ko zaftarewar ƙasa ko ruwan sama mai sanyi, sai kumfa ta fara, kumfar ta jawo wani ruwan daga ƙasa, shi ma ya saki tasa, al'amarin ya ci gaba da kansa. Iskar kuma ta fi wadda muke shaƙa nauyi da kusan rabi, ba ta da launi, sai ta bi kwari ta kwanta.

Ya rubuta wannan, ya yi gargaɗin cewa zai iya sake faruwa, ya aika wa mujallar Science. Aka mayar masa, aka ce bayanin ya yi nisa da hankali. Ba a taɓa rubuta irin wannan bala'i a kimiyya ba.

Ranar Alhamis 21 ga Agusta 1986, wajen ƙarfe tara na dare, tafkin Nyos ya saki tasa iskar. Yana arewa maso yammacin Kamaru, ba nisa da iyakarmu, kuma zurfinsa ya haura mita 200. Iskar ta gangara kwaruruka har kusan kilomita 25, ta bi ta ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500. Cikinsu akwai manoman yankin da Fulani makiyaya masu yawa, wasu a kan shimfiɗarsu, wasu a bakin ƙofa. Waɗanda suka fara isa wurin sun ce ko ƙuda babu a kan gawarwakin, domin ƙwarin ma sun mutu. Fitilu da murahu sun mutu. Tafkin da aka sani shuɗi ya wayi gari ja. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba zan ce da an buga takardar Haraldur da an ceci mutanen Nyos ba. Wata goma sha takwas da ke tsakanin zuwansa Monoun da bala'in Nyos ba lallai su isa a bi tafkunan Kamaru ɗaya bayan ɗaya ba. Amma akwai tafkuna da za a iya aunawa da jirgi da igiya da kwalba, kuma akwai mutumin da ya faɗi abin da za a nema. Wannan yana damuna duk lokacin da na tuna. Ran mutum 37 a wani ƙauyen Afirka bai isa ya sa a tsaya a saurari sabon bayani ba, sai da aka rasa 1,746. Takardar Monoun ta fito a 1987.

Ko bayan Nyos ba a daina gardama ba. A taron masana da aka yi a Yawunde a watan Maris na 1987, fitaccen masanin Faransa Haroun Tazieff da magoya bayansa suka tsaya a kan cewa aman wuta ne daga ƙasa. Gardamar tana da nauyi, domin in aman wuta ne babu abin yi sai ƙaura, in kuwa iskar a cikin ruwa take taruwa, ana iya zuƙe ta. Awo ne ya raba gardamar. George Kling da William Evans daga Amurka, da Minoru Kusakabe daga Japan, da Gregory Tanyileke na Kamaru da abokan aikinsu suka yi ta komawa shekara bayan shekara, suka nuna iskar da ke ƙasan tafkunan biyu tana ƙaruwa, ruwan kuma bai nuna alamar aman wuta ba.

Maganin da aka samu, wanda ayarin Michel Halbwachs na Faransa ya jagoranci haɗawa, bututu ne da ake zurawa daga kan wani dandamali mai shawagi har kusa da gindin tafkin. Ana jawo ruwan da famfo a farko kawai. Da ya hau, kumfa ta fito, ita ce za ta ci gaba da ɗaga shi ba tare da inji ba, ya yi tsiri sama kusan mita 45, iskar ta baje a hankali. An sa na farko a Nyos a 2001, aka ƙara biyu a 2011. Na Monoun ya fara aiki a 2003. An kuma kafa na'urorin da ke yin kuwwa idan iskar ta yi yawa, aka koya wa mutane su nufi tudu. Tafki na uku da aka sani da irin wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Kwango, wanda ya fi waɗannan girma nesa, kuma mutane kusan miliyan 2 ne ke zaune a kewayensa.

Nyos da Monoun suna kan wani jerin duwatsu masu aman wuta mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda ya taso daga tsibiran tekun Gini, ya bi ta Dutsen Kamaru da ya yi aman wuta a 1999 da 2000, reshensa ɗaya ya nufi Ngaundere, ɗaya kuma ya kai tsaunukan Biyu a Jihar Borno, inda tafkin Tila yake zaune a tsohon bakin dutse. A Filato ma akwai tsofaffin duwatsun aman wuta a wajen Panyam da Kerang. Kada wannan ya tsorata kowa. Ba kowane tafkin bakin dutse ne ke tara iska ba, sai mai zurfi sosai, wanda ba ya juyawa, kuma mai maɓuɓɓugar iska a gindinsa. Haɗarin Nyos da ya fi kusa da mu na ruwa ne. Gefen arewa na tafkin wani bango ne na daskararriyar toka da ke zaizayewa, kuma in ya karye, ambaliyar za ta bi kwarin kogin Katsina-Ala ta shigo Taraba da Binuwai. Wannan na cikin manyan dalilan gina madatsar ruwa ta Kashimbila a Jihar Taraba, wadda aka tsara ta tare ambaliyar, ta kuma ba da megawat 40 na lantarki.

Haraldur ya ci gaba da aikinsa a wasu wurare. Shi ne babban editan kundin Encyclopedia of Volcanoes, kuma a 2009 ya buɗe gidan tarihin duwatsu masu aman wuta a garinsu. Aikin Nyos kuwa yana hannun masanan Kamaru da abokan hulɗarsu, waɗanda ke shiga jirgi suna auna zafi da gishiri da iskar ruwan daga sama zuwa ƙasa, domin maɓuɓɓugar da ke gindin tafkin ba ta daina zuba ba.

Shugaban taro, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.